Motar Da Sunanta Ya Ɓaci A Wurin Masu Inshora: Ina Mafita?

 Muna so a wannan karo mu tsaya a kan wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a bakin kara da wurin lodi, amma ba a cika kawo ta gaban taro ba saboda kunya. Maganar ita ce ta mai motar ɗaukar shanu wanda haɗari ya yi wa yawa, har kamfanin inshora, wato asirans kamar yadda muke faɗa a nan, ya ɗaga masa kuɗi, ko kuma ya ce masa a kai kasuwa. Irin wannan ɗan'uwa ina zai dosa? Ra'ayinmu a taƙaice shi ne ya bi ta ƙofa, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, ya jure tsadar ta ɗan lokaci, mu kuma ƙungiya mu tsaya masa bisa sharaɗi. Duk wata hanya da ba wannan ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kada wani ya ce, "Ni ba ni da mota, ina ruwana?" Ruwanka ne tsundum. Yawancinmu haya muke yi. Mu saya a Abalak ko Dakwaro ko Tanut, a koro zuwa bakin iyaka, a yi lodi a Illela ko Jibiya ko Mai'aduwa ko Maigatari, sannan tirela ta miƙa kudu da shanu 30 zuwa 40 a cikinta, gwargwadon girmansu. A ce, a misali, shanu 35 ne, kowanne sefa 300,000. Ka ga miliyan 10 da rabi ke nan ka damƙa wa direban da watakila ranar ka fara ganinsa. To, ran da wannan mota ta buge mutum ko ta taka motar wani a Mokwa ko Ogbomosho, abin farko da hukuma za ta tambaya shi ne takardu. In takardar inshora ta gaskiya ce, akwai mai tsayawa, magana ta koma tsakanin kamfani da waɗanda aka yi wa ɓarna. In ta jabu ce, sai a tsare mota. Shanu kuwa ba buhunan wake ba ne da za su kwana bakwai a caji ofis su fito yadda suka shiga. Za ka nemi wata mota a inda ba ka san kowa ba, a kan kuɗin da aka ga dama, ka biya 'yan lodi sau biyu, ka yanka wanda ya durƙushe ka ba mahauta a wulaƙance, ka isa Legas da ramammun dabbobi. Laifin na mai mota ne, asarar kuwa taka ce.

Bari mu fara da sanin abin da takardar dole take ɗauka. Ƙasashe irin su Nijar, Kamaru, Cadi, Benin da Burkina Faso doka ɗaya ke tafiyar da inshorarsu, wato dokar CIMA. An sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, dokar ta fara aiki a 1995, kuma ƙasashe 14 ke ƙarƙashinta. Nijeriya da Gana ba sa ciki, kowacce da tata hukumar. Sashe na 200 na wannan doka ya wajabta wa duk mai mota ya yi inshorar ɓarnar da motarsa za ta yi wa wasu, a jiki ko a dukiya. A lura da kalmar, wasu aka ce. Wannan takarda ba ta gyara motarka, ba ta biyan direbanka, ba ta kuma biyan shanun da ke cikin motar. Inshorar mota kanta daban ce, ta kayan da aka ɗauko ma daban, kowacce da kuɗinta. Da yawa daga cikinmu sai ran da abu ya faru suke sanin haka, su fito suna cewa an cuce su.

Ga mai ƙetare iyaka akwai ƙari. Ƙasashen CEDEAO sun kafa katinsu mai ruwan ƙasa tun 1982, su Kamaru da Cadi kuma suna da nasu mai ruwan hoda na CEMAC, wanda ba ya aiki a Nijeriya. Waɗannan katuna ba su da ƙafar kansu, a kan inshorarka ta gida suke tsaye, in ta faɗi sun faɗi. Tun da kuma Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairun 2025, ya kamata duk mai ƙetarewa ya sa kamfaninsa ya nuna masa a rubuce ƙasashen da takardarsa ta ƙunsa, tun kafin mota ta bar gida.

To yaya suna ke ɓaci? Mu da muke harkar bashi a kara ai mun fi kowa sani. Mahaucin da ya karɓi shanu a kan lamuni ya saɓa alkawari sau ɗaya, za a yi masa uzuri. Ya saɓa sau biyu, dillali zai ce sai ya kawo mai tsaya masa. A na uku sai kuɗi hannu, shi ma da ƙari. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zalunci. Kamfanin inshora ma haka yake lissafi. Yana duba sau nawa motarka ta yi haɗari, sau nawa laifinta ne, nawa aka biya saboda ita, ko an taɓa soke maka takarda, da kuma wanda ke riƙe da sitiyari. Sashe na 212 na dokar CIMA ya ce kowace ƙasa tana da mafi ƙanƙantar farashin da kamfani ba zai sauka ƙasa da shi ba, amma daga nan zuwa sama kamfani ne ke yanka nasa. Haka nan in yarjejeniyarku ta tanadi haka, yana iya sallamarka bayan haɗari, ya ba ka sanarwar wata guda.

Sai dai ɓacin suna a wannan harka yana da wa'adi. A Faransa, inda aka ɗebo tushen tsarin namu, lissafin ƙananan motoci a rubuce yake: duk haɗarin da laifinka ne gaba ɗaya a ƙara maka kashi 25 cikin 100, duk shekarar da ta wuce lafiya a rage kashi 5, in kuma ka yi shekara 2 a jere babu haɗari, ƙarin ya faɗi, ka koma farashin asali. Wanda kamfanoni suka ƙi kuwa, akwai ofishin da zai kai kukansa, ofishin ya yanka farashi ya tilasta wa kamfanin ya karɓe shi. Hankali ma ya ba da haka, domin in doka ta ce dole ka yi abu, to dole ta bar maka ƙofar yin sa. Irin wannan ƙofa ya kamata mu haɗa kai da ƙungiyoyin masu motoci mu matsa wa hukumominmu su tabbatar da ita a fili, kowa ya san inda take.

A Nijeriya kuwa, hukumar NAICOM ta tsayar da farashin takardar dole daga watan Janairun 2023: babbar motar haya ta ɗaukar kaya naira 100,000 a shekara, ana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 5. Inshorar da ta haɗa da motar kanta kuma ba za ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba, a can ne mummunan tarihi ya fi cizon mutum. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka takardar tirela a tasha a kan naira 10,000, kai ma ka san abin da ya sayar maka.

Yanzu ga karkatattun hanyoyin da 'yan'uwanmu ke bi in an matsa musu. Ta farko ita ce wannan takardar tasha, wadda 'yan kamisho ke bugawa da tambari da komai. A da tana wucewa, domin ɗan sanda ido kawai yake da shi. Yau a Nijeriya akwai rumbun da kamfanonin inshora ke shigar da lambar duk motar da suka karɓa, ana iya dubawa ta wayar hannu, Gana ma ta buɗe nata a 2020, kuma daga watan Fabrairun 2025 'yan sandan Nijeriya sun tsananta bincike. Ko da ta wuce shinge goma, ran haɗari ba za ta biya ko dala ba. Araha ba ta ado.

Ta biyu ita ce sauya suna. A mayar da takardun mota da sunan ƙane ko ɗa ko maiɗaki, a tafi wani kamfani a wani gari, in an tambaya ko motar ta taɓa haɗari ko an taɓa soke mata takarda, a ce sam. Ta uku kuma ita ce ɓoye aikin motar: a rubuta cewa kayan mai ita kaɗai take ɗauka, domin kuɗin wannan rukuni ya fi sauƙi, alhali kuwa kowace ranar kasuwa haya take yi. Duk biyun ƙarya ce a kan takarda, kuma sashe na 18 na dokar CIMA bai bar wurin gardama ba: wanda ya ɓoye gaskiya da gangan har ya sa kamfani ya raina girman abin da ya ɗauka, yarjejeniyarsa ta ɓaci tun daga tushe, kuɗin da ya biya kuma sun zama na kamfani. Kamfani ba ya tona wannan ran da kake biya. Ran da aka kawo masa maganar miliyoyi, ran nan zai aiko mai bincike ya tambayi shanun wa ke cikin motar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai kuma tarkon "kawo rabi, sauran in ka dawo daga kudu". Tun 2011 aka gyara sashe na 13, ya zama inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Alkawarin baki na wakilin kamfani ba ya tsaya wa kowa a kotu. Ka biya, ka karɓi rasiti mai sunan kamfanin, ka adana.

Mun san abin da wasu za su ce: "Haba Alhaji, su waɗannan mutane karɓa kawai suka iya, ba su biya." Akwai gaskiya a ciki, ba za mu rufe ta ba. Kowa a cikinmu ya san wanda ya yi ta zarya ofis wata da watanni, yau a ce babu takardar likita, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, har ya gaji ya bar wa Allah. Akwai kuma kamfanin da zai lissafa maka haɗarin da wani ne ya zo ya same ka a tsaye, ya ƙara maka kuɗi a kai. Wannan ba daidai ba ne. Amma dokar ta ɗora wa kamfani wa'adin da zai gabatar da diyya ga wanda aka ji wa ciwo ko magadansa, da tara in ya yi jinkiri, kuma akwai ofishin kula da inshora a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi inda ake kai ƙara. Mai takardar gaskiya yana da bakin magana a can. Mai ta jabu, wa zai kai ƙara?

Ga hanyar da muke ganin ita ce miƙaƙƙiya. Da farko ka koma tsohon kamfaninka ka nemi takardar tarihin motarka, wadda ta jera haɗurran da aka yi da abin da aka biya. Ka haɗa ta da konsta na jandarma ko rahoton 'yan sanda na kowane haɗari, domin a bambance wanda laifin direbanka ne da wanda ba nasa ba. Haɗari uku da biyu a ciki laifin wasu ne, ba ɗaya yake da uku da duk naka ne ba, amma sai da takarda za a yarda. Shi ya sa sulhun bakin hanya ba tare da rubutu ba yakan dawo ya ci mai gaskiya. A tuna kuma sashe na 12 ya ce a sanar da kamfani cikin wa'adin da aka rubuta, wanda ba ya gaza kwana 5 na aiki, in sata ce kuwa awa 48. Jinkirin sanarwa shi ma yana ɓata suna.

Na biyu, ka nemi dillalin inshora mai lasisi, wanda ke hulɗa da kamfanoni da yawa. Mu ba sai an koya mana amfanin dillali ba. Shi ya san wanda ke karɓar manyan motoci da wanda ke gudunsu, kuma la'adarsa daga kamfani take fitowa. A tambayi uku ko huɗu, kada a tsaya a kan na farko. Na uku, ka shiga ciniki da abin bayarwa a hannunka. In inshorar motar kanta ce, ka yarda ka ɗauki kason farko na kowace ɓarna daga aljihunka, kamfani ya ɗauki abin da ya haura, wannan yana sauko da farashi. In motar ta tsufa, ka tsaya a kan takardar dole kaɗai, ka yi ta da gaskiya. In kuɗin shekara ya yi nauyi, akwai ta wata 3 da ta wata 6, ko da yake in an tara ta fi tsada. Abin da ba mu so shi ne giɓi, mota ta yi ko kwana ɗaya a kan hanya babu komai.

Na huɗu shi ne babba. Ka gyara abin da ya jawo haɗarin, ka kuma zo da shaidar gyaran. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawan haɗurran motocin shanu daga gaggawarmu suke fitowa. Mu ne muke bugo wa direba waya tsakar dare muna cewa lalle ya riski kasuwa, shi kuma ya kwana biyu bai runtsa ba, sai goro da shayi da abin da ya fi su. Dokar hanya ta Nijeriya ta tsayar wa tirela gudun kilomita 50 a awa a kan babbar hanya, 60 a kan tagwayen hanyoyi. Wa ke bi? Ga tayoyin gwanjo, ga birkin da ake lallaɓawa, ga karen mota da ake miƙa wa sitiyari ba shi da permi. A ƙarƙashin dokar CIMA, in mai tuƙi ba shi da permin da ya dace da motar, kamfani zai biya waɗanda aka yi wa ɓarna, sannan ya juyo ya bi wanda ke da alhaki da kuɗinsa.

Mafi muni shi ne ɗora mutane a kan katakon saman tirela, shanu a ƙasa, bil'adama a sama, saboda ɗan abin da direba zai samu. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta sha yin gargaɗi a kan wannan. Ran da irin wannan mota ta kife, gawarwaki ake jerawa, kuma babu kamfanin da zai sake kallon mai ita da fara'a. 'Yan rakiyar da ke tashin dabbar da ta kwanta sun wadatar, a san adadinsu da sunayensu. Mai motar da ya je ofis da sabon direba mai cikakken permi, da direba na biyu don tafiyar kudu, da takardar bizit ta kwanan nan, da rasitin sababbin tayoyi, maganarsa za ta sha bamban da ta wanda ya je da rantsuwa kaɗai.

Wasu 'yan'uwa abin da ke damunsu shi ne hukuncin inshora a addini, har sukan ce tun da dole ce ta hukuma, kowace takarda ma ta isa. Malamai sun yi magana a kan inshorar kasuwanci, mu ba za mu yanke ba. Amma abin da muka karanta tun muna yara shi ne, diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce, kuma shari'a ta ɗora ta a kan dangin wanda ya yi kisan, su taru su biya, don kada jinin mutum ya tafi a banza, kada kuma mutum ɗaya ya durƙushe. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar kasuwanci ba, akwai takaful, wadda aka gina a kan taimakon juna. An fara ta a Sudan a 1979, akwai kamfanoninta masu lasisi a Nijeriya, CIMA ma ta fitar da ƙa'idojinta a 2019. Sai dai su ma za su tambayi tarihin motarka, kuma ba mu san malamin da ya halatta takardar ƙarya da barin marayun wani ba diyya ba.

Daga ƙarshe, ga abin da muke roƙon shugabannin ƙungiya su kawo gaban babban taro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai mota ɗaya da sunansa ya ɓaci, in ya shiga ofis shi kaɗai roƙo yake yi. Motoci 40 ko 50 a ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya kuwa ciniki ne, kamfanoni su za su yi ta rububi. Sai a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, a rubuta kowace mota da direbanta da ranar ƙarewar takardunta da duk haɗarin da ta yi. A kafa asusu na ɗan abin da za a riƙa cirewa a kowane lodi, don hayar motar ceto da ciyar da dabbobi in an tsaya a hanya. A naɗa mutum biyu masu karatu, ɗaya mai Faransanci ɗaya mai Ingilishi, su riƙa bin haƙƙin 'yan ƙungiya a ofisoshi.

Masu tsabtataccen tarihi za su ce don me za su ɗauki nauyin wasu, tun da kamfani zai duba ɓarnar taron gaba ɗaya, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Tambayarsu tana kan hanya. Amsa ita ce ba kyauta za a shiga ba. Wanda sunansa ya ɓaci shi zai biya ƙarin da ya hau kansa, ya sa hannu a kan sharuɗɗa: babu fasinja a sama, babu mai tuƙi mara permi, direba biyu in za a wuce Jebba ko Lakwaja. Ya cika shekara 2 lafiya, ya koma sahun kowa. Ya karya, a cire sunansa, a kuma sanar da sarakunan kara da masu masauki kada a ba shi lodi. In muka bar shi a waje babu mafita, ba ajiye motar zai yi ba. Takardar tasha zai saya ya dawo layin lodi, kuma shanun ɗayanmu zai ɗauka.

Kafin taron ya zo, ga abin da kowa zai iya yi daga kasuwa mai zuwa. Kada ka bari a sa sa na farko a mota sai ka ga takardar inshora da idonka, ka duba lambar motar da ranar ƙarewa, ka ga permin wanda zai tuƙa, in motar Nijeriya ce ka sa yaro ya duba ta a waya. Yadda ba ka sayen saniya sai ka buɗe bakinta ka ga haƙora, haka nan kada ka yi hayar mota da ka. In masu mota suka ga lodi yana bin takardar gaskiya, su da kansu za su nemo ta.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mu da dukiyarmu da ta jama'a, ya sa albarka a kasuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wassalam.